Ruwan Zafi Na Wanka: Kada Mu Sayi Ɗumi Da Ranmu



Duk wanda ya taɓa kwana a Damagaram cikin watan Disamba ko Janairu ya san ɗarin asuba. Iskar hunturu tana kaɗawa, ƙura ta lulluɓe duwatsun Birni, ruwan da ya kwana a randa ya yi sanyi har hannu ya kasa daɗewa a ciki. A irin wannan lokaci babu mai son wanka da ruwan sanyi. Tsoho yana gudun ciwon gaɓoɓi. Uwa tana tsoron kada ɗanta ya kamu da tari. Mai jego kuwa ba ta da zaɓi, ruwan zafi ne safe da yamma.

A da hanya ɗaya ce: a ɗora tukunya bisa murhu, a hura itace. Yau itace ya yi tsada, gawayi ma haka. Wutar lantarki kuma, wadda muke kira kuran, ta shiga gidaje da yawa, tun daga Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam har zuwa Mirriya da Matamaye da Magariya. Saboda haka mutane sun koma ɗumama ruwa da ita. Wasu suna tsoma ƙarfen nan mai lanƙwasa cikin bokiti, wanda ake kira hita ko rezistans. Wasu kuma da ke da fanfo a makewayi suna sayen kan dush mai lantarki, su ɗaura shi da kansu, ko su kira wani yaro na unguwa ya ɗaura musu.

Ba mu ce a daina wanka da ruwan zafi ba. Ra'ayinmu shi ne: duk inda kuran da ruwa da jikin mutum za su haɗu, ba wurin gwaji ba ne, ba wurin neman araha ba ne. Ko dai a yi aikin yadda ya kamata, ta hannun wanda ya koye shi, ko kuwa a raba wuta da ruwa kafin a tuɓe riga. Babu hanya ta uku.

Abin da muka gani da idonmu

Aikinmu yana kai mu gidaje da ƙauyuka da yawa, mukan kwana inda dare ya yi mana. A wani gida da muka sauka, mai gida ya nuna mana makewayi sabo, da siminti mai sulɓi da kan dush fari. Da muka ɗaga kai sai muka ga wayoyi biyu an murɗa su da hannu, an naɗe da baƙin sikoci, tazarar ɗani ɗaya daga inda ruwa ke fita. Waya ta uku, mai launin kore da rawaya, tana reto a iska, ba a jona ta da komai ba. Mai gida ya ce mana cikin raha: "Malam, in ka ji fanfon yana ɗan cizon hannu, ka kama shi da tawul." Ranar da bokiti muka yi wanka.

A wani gidan kuma, na maƙwabta, an aiki yarinya ƴar shekara goma sha biyu ta duba ko ruwa ya yi ɗumi. Bokitin na ƙarfe ne, yana bisa jiƙaƙƙen daɓe, hita tana ciki, ba a cire ta daga bango ba. Yarinya ta tsoma hannu. Ba ta iya ko ihu ba. Allah ya sa uwar tana kusa, kuma ta yi hankali: ba ta kama ƴarta ba, waya ta fizge daga bango. Yarinya ta rayu, amma ta kwana asibiti, har yau akwai tabon ƙuna a yatsunta. Da aka duba hitar sai aka ga ta tsage a gindi. Uban ya ce: "Shekara uku muna amfani da ita, ba ta taɓa yin haka ba."

Gaskiya ya faɗa. Wuta ba ta yin haka sai rana ɗaya, kuma ranar nan ɗaya ta isa.

Me ya sa kuran ya fi kisa a makewayi?

Kuran kullum hanyar komawa ƙasa yake nema, kamar yadda ruwan sama ke neman kwari. Idan ya samu waya ya bi waya. Idan ya samu mutum tsaye bisa ƙasa, sai ya bi ta jikin mutum.

Busasshiyar fata tana tare shi, ko da ba duka ba. Shi ya sa wani zai taɓa waya a ɗaki, ta fizge shi, ya yi tsalle ya tsira. Amma jiƙaƙƙiyar fata ba ta tarewa. A makewayi jiki a jiƙe yake, da sabulu, ƙafa babu takalmi, daɓe da ruwa. Duk ƙofofi a buɗe suke. Wuta ta shiga ta hannu ko ta kai, ta ratsa ƙirji, ta fita ta ƙafa. A kan wannan hanya zuciya take.

Ga lissafi mai sauƙi. Ƙarfin wutar gidajenmu bolt 220 ne. Yawan wutar da ke gudu cikin waya ana auna shi da ampa, ana rubuta shi da harafin A. Idan aka raba ampa ɗaya gida dubu, kowane kashi shi ne ake rubutawa mA.

Idan mA 1 ya ratsa jiki, mutum zai ji ɗan tsira kamar cizon tururuwa.

Idan ya kai wajen mA 10, yatsu suna damƙewa, mutum ya kasa sakin abin da ya kama.

Idan ya kai mA 30 kuma ya daɗe, numfashi yana iya tsayawa.

Idan ya wuce haka, zuciya takan rikice, ta daina tura jini.

To, ƙaramin ƙwan fitila irin na zamani, mai ƙarfin wat 10, yana jan wajen mA 45. Wato wutar da ke kunna ƙwai ɗaya tak ta isa ta kashe ƙato. Mutumin da ke jiƙe kuwa, idan ya taɓa wuta mai bolt 220, abin da zai ratsa shi yana iya kai mA 200, fiye da ninki shida na abin da ke tsayar da numfashi. Mu riƙe wannan lamba ta 30, za mu komo kanta.

Yadda kan dush mai lantarki yake aiki

Wannan na'ura ba ƙirar banza ba ce. A ƙasar Barazil, can Amurka ta Kudu, yawancin gidaje da ita suke wanka. A Kenya ma ta yaɗu ƙwarai. Amma inda aka ɗaura ta bisa ƙa'ida ne take zama lafiya.

A cikin kan akwai wata siririyar waya murɗaɗɗiya. Idan an buɗe fanfo, ƙarfin ruwa yana tura wani ɗan faifai, wuta ta haɗu, wayar ta yi zafi, ruwa ya bi ta kanta ya ɗumama nan take. A irin masu araha, wayar nan tsirara take cikin ruwa. Ke nan ruwan da ke zubo mana a ka ya taɓa wuta yanzu-yanzu. Abin da ke kwashe ɗan kuran da ya tsere cikin ruwa, kafin ya iso kanmu, ita ce wayar nan ta uku mai kore da rawaya. Idan ba a jona ta ba, mai wanka shi ne ya zama wayar.

Abu na biyu shi ne ci. Mu duba jikin kwalin, za mu ga lamba da harafin W, wato wat. Da yawa an rubuta musu 3500 W, wasu har 5500 W. Mai 5500 W yana cin wutar ƙwayayen fitila 550 irin masu wat 10, duk a lokaci ɗaya. Yana jan ampa 25. Mai 3500 W yana jan kusan ampa 16. Wayar da aka ja don fitila ba za ta ɗauki wannan kaya ba. Jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi. Za ta yi zafi, robarta ta narke, ko dai ta ta da gobara a rufi, ko ta bar ƙarfe tsirara kusa da ruwa.

Abu na uku ya shafe mu musamman. Kowa ya san halin ruwan fanfo a Damagaram: yau ya zo, gobe ya ɗauke, wani lokaci iska ce ke fara fitowa. Idan wuta ta kama alhali kan bai cika da ruwa ba, wayar ciki takan ƙone. Daga nan sai mai gida ya buɗe ya ɗaure ta da wani guntun ƙarfe. Kowane irin wannan gyara yana ƙara kusanto da haɗari.

Abubuwa uku da babu ciniki a kansu

Duk mai son kan dush mai lantarki a gidansa, ya tabbatar da abubuwa uku. Idan ɗaya ya ɓace, kada a kunna.

Na ɗaya: waya tata ta kanta, mai kauri. A jikin ƙunshin waya ana rubuta kaurinta: 1,5 ko 2,5 ko 4 ko 6. Mai 1,5 ta fitila ce. Mai 2,5 ta firiz ce, wato ramin bango da muke jona rediyo ko fanka. Kan dush yana son mai 4 ko mai 6, gwargwadon cinsa da nisansa daga kontar. Wayar ta taso kai tsaye daga allon wuta na gida, kada a jona ta daga fitilar makewayi, kada a bi ta da ralonji. Inda aka haɗa ta da na'urar, a yi haɗin da maɗauri mai noti wanda ke jure zafi, a rufe cikin akwati, a sama da inda ruwa ke fantsama. Sikoci ba haɗi ba ne: tururi yana kwance shi. A kuma kula da wayar jabu, mai roba da yawa da ƙarfe kaɗan.

Na biyu: wayar ƙasa. Ita ce mai kore da rawaya. Ana jona ta da wata sanda ta ƙarfe mai rufin jan ƙarfe, mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a kafa ta cikin ƙasa. A nan sai mu yi hattara, domin garinmu bisa dutse yake zaune, ƙasarmu kuma tana bushewa ƙayau wata da watanni. Dutse da busasshen rairayi ba sa shan kuran da kyau. Sandar da aka kafa kamu ɗaya cikin busasshiyar ƙasa ado ce kawai. A nemi wuri mai laima da zurfin ƙasa. Idan sanda ɗaya ba ta isa ba, a ƙara. Mai aikin wuta na gaskiya yana da abin awo da zai nuna ko ƙasar ta karɓa. Kada a ɗaure wayar ƙasa a jikin ƙusa a bango. Kada a ɗaure ta a bututun ruwa, domin yawancin bututun yanzu na roba ne, na ƙarfen kuma zai iya kai wutar ga duk wanda ya taɓa fanfo. Kada kuma a haɗa ta da shuɗiyar waya don a huta.

Na uku: mai gadin rai. Wani ƙaramin makunni ne da ake sakawa a allon wuta, an rubuta 30 mA a jikinsa, yana da ɗan maɓalli mai harafin T. Aikinsa shi ne ya auna wutar da ta shiga da wadda ta komo. Idan ya ga wata ta ɓace a hanya, wato ta bi ta ruwa ko ta jikin mutum, sai ya yanke wuta kafin ƙiftawar ido. Ga amfanin lambar nan 30 da muka ce a riƙe. Mutane da yawa suna zaton babban dijontar da ke kusa da kontar ya wadatar. A'a. Idan muka duba muka ga an rubuta 500 mA ko 300 mA, mu sani wannan gida yake tsarewa daga gobara, ba ran mai wanka ba. Kafin ya motsa, an riga an yi hasara. Mai 30 mA kuma a riƙa danna maɓallinsa na T sau ɗaya a wata. Idan wuta ta yanke, yana da rai. Idan ba ta yanke ba, a canza shi.

Bayan waɗannan uku, kada a taɓa maɓallin ƙara zafi na jikin kan alhali ruwa yana zuba. A rufe fanfo tukuna. Kuma idan dijontar yana yawan faɗuwa duk lokacin da aka kunna dush, magana yake yi: kaya sun fi ƙarfin gidan. Wanda ya sa aka tsallake shi ko aka ɗaure shi don kada ya faɗi, ya kori mai gadi ne don yana tashinsa daga barci.

Hita cikin bokiti

Mun san yawancinmu ba mu da kan dush. Hita ce a gidajenmu, kuma ita ta fi kusa da hannun mata da yara. Ga ƙa'idojinta:

1. A yi amfani da bokitin roba, ba na ƙarfe ba. A ajiye shi bisa busasshen wuri, a wajen makewayi.

2. A tsoma hita cikin ruwa tukuna, sannan a jona. Idan ruwa ya yi, a cire daga bango tukuna, a ɗan jira, sannan a fitar da ita.

3. Kada a taɓa ruwa ko bokiti don jin ɗumi sai an ga kan waya a ƙasa, an cire shi. Kashe makunnin bango kawai bai isa ba, domin wani makunnin an haɗa shi a juye.

4. Ruwa ya rufe ƙarfen, amma kada ya kai mariƙin roba.

5. Hitar da ta tsage, ko ta kumbura, ko wayarta ta ɓare, a jefar da ita. Ba a yi mata ɗori.

6. Kada a cusa wayoyi tsirara cikin firiz a tokare da tsinken ashana.

7. Abin da samari ke haɗawa da reza biyu ko cokali ko ƙusa, su tsoma a ruwa, wannan ba hita ba ce. Ruwan gaba ɗaya yake mayarwa wuta. Kada a bar shi ya kwana a gida.

8. Kada a aiki yaro wajen hita, ko kunnawa ko dubawa.

Hita mai wat 1500 tana ɗumama bokiti mai lita 20 cikin kamar minti ashirin da biyar. Wannan ba lokaci ba ne mai tsawo da zai hana babba ya tsaya a kai.

Akwai wani tarko da ɗaukewar wuta ke ɗana mana. Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, ya haɗa Damagaram da Maraɗi da layin da ke zuwa daga Katsina ta Gazawa a 1994. Mun tuna yadda aka yanke wutar Najeriya a watan Agusta na 2023, ba a maido ta ba sai watan Maris na 2024. A watannin nan mun saba da zama cikin duhu, mun kuma koyi wata muguwar al'ada: a jona hita, wuta ta ɗauke, a bar ta a jone a tafi. Sai wani ya zo ɗiban ruwa yana cewa ai babu wuta. Wuta kuwa ba ta sallama in za ta dawo. Saboda haka da zarar ta ɗauke, a cire hita daga bango. Mu kuma sani wutar janareto da ta hasken rana da aka juya ta zama bolt 220 suna kisa daidai da ta kamfani. Masu lambu a Mirriya da Gidimuni da fadamun Korama da ke ban ruwa da injin lantarki, ƙafa cikin laka, wannan magana taku ce ku ma.

Amsa ga masu cewa

Wani zai ce: "Mun daɗe muna yi, ba abin da ya faru." Haka uban yarinyar nan ya ce. Roba tana tsufa, zafin bazara yana busar da ita, ɓera yana gaigayarta. Abin da ya ƙi faruwa bara ba alkawari ya yi ba.

Wani zai ce: "Ina sa silifa." Silifa jiƙaƙƙe, da ruwa yana bin ƙafa har ƙasa, ba ya tsare kowa. Kuma hannu yana taɓa bango, yana taɓa fanfo.

Wani zai ce: "Mai aikin wuta yana da tsada." Gaskiya ne kuɗi suna wuya. Amma makunnin nan mai 30 mA bai kai kuɗin wayar hannu irin ta shafawa da ke aljihun da yawanmu ba. Mu auna shi da kuɗin asibiti, mu auna shi da zaman makoki. Araha ba ta ado. Wanda bai da halin abubuwan nan uku, babu kunya a ciki: ya bar kan dush a kanti. Ya ɗumama ruwa a waje, ya cire wuta, ya ɗauki bokitinsa ya shiga. Akwai gas na girki, wanda matatar SORAZ ke fitarwa tun da aka buɗe ta a 2011. Akwai kuma rana, wadda ba ta kawo takardar biya: baƙar jarka da aka cika da safe aka ajiye a fili, kafin la'asar ruwanta ya isa wankan yara. Sai dai kada gudun wuta ya sa a shiga da kaskon gawayi cikin rufaffen makewayi, hayaƙinsa marar wari yana kashewa shi ma.

Wani kuma zai ce: "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Mu ma mun san rai a hannun Allah yake. Amma mai faɗin haka yana kulle shagonsa da dare, yana ɗaure akuyarsa, yana gina wa rijiya baki don kada yaro ya faɗa. Wayar da muka gani tsirara muka ƙyale, sakaci ne, kada mu ba shi wani suna.

Idan wuta ta kama mutum

Kowa a gida, har mata da manyan yara, ya san inda dijontar yake da yadda ake kashe shi. Kada a ajiye buhuna a gabansa, kada a kulle shi a ɗakin mai gida. Idan abin ya faru:

1. Kada a taɓa mutumin, kada a taka ruwan da yake ciki. Mai ceto da yawa ya bi wanda ya je ceto.

2. A kashe dijontar, ko a cire waya daga bango.

3. Idan hakan ya gagara, a tsaya bisa busasshen katako, a ture wayar ko mutumin da busasshiyar sanda ko taɓarya. Ba da ƙarfe ba, ba da ɗanyen itace ba. Turewa ake yi, ba duka ba.

4. A kira ƴan kashe gobara a lamba 18, ko a nemi abin hawa nan da nan.

5. Idan ba ya motsi kuma ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine bisa ƙasa mai tauri. A ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 ga babba, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Kada a tsaya sai ya farfaɗo ko ma'aikatan lafiya sun karɓa.

6. Idan yana numfashi amma bai farka ba, a kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa madara ko ruwa, zai shaƙe. Kada a binne shi cikin rairayi don wai ƙasa ta tsotse wutar. Kuran ba ya zama cikin jiki bayan an yanke shi, ɓata lokaci ne kawai.

7. Inda ya ƙone, a zuba ruwa mai tsabta na ɗan lokaci, a rufe da tsumma mai tsabta. Kada a shafa man goge baki ko toka ko kanwa.

8. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi likita mafi kusa ko Babban Asibitin Damagaram. Ƙunar wuta takan yi zurfi a ciki fiye da abin da ido ke gani, zuciya kuma tana iya rikicewa daga baya. Mace mai ciki kuwa, ko ɗan fizga ne, ta je awo a ranar.

Kiranmu

Ga masu gida: mu ne muke sayen na'ura, amma ba mu ne muka fi taɓa ta ba. Mata da yara ne. Yau, ba gobe ba, mu shiga makewayi mu ɗaga kai. Idan mun ga sikoci, ko koriyar waya tana reto, ko alamar baƙi da narkewa, ko fanfo yana cizo, mu kashe wutar wurin har a gyara. Cizon fanfo gargaɗi ne, kuma ba kullum ake samun na biyu ba.

Ga uwayen gida: kuna da ikon cewa a'a. Hitar da ta tsage, ku ɓoye ta, ku faɗa wa mai gida dalili.

Ga masu ba da hayar gida: wanda ya karɓi kuɗin wata, shi ke da nauyin wayar da ke cikin bango.

Ga ƴan kasuwa na Dole da sauran kasuwanninmu: idan kun sayar da kan dush, ku gaya wa mai saye yana bukatar waya mai kauri da wayar ƙasa da makunni mai 30 mA. Ba ciniki za ku rasa ba, abu huɗu za ku sayar maimakon ɗaya.

Ga masu aikin wuta: idan mai gida ya ce a yi ba tare da wayar ƙasa ba don a rage kuɗi, ku ƙi. Ga matasa masu jona waya ba tare da sun koya ba, muna cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Akwai cibiyoyin koyon sana'a, akwai ƙwararru a gari. Ku je ku zauna a gabansu. Mu kuma masu kira, mu tambayi wanda muka kira: a ina ka koya? Ina abin awonka? Ina za ka kafa sandar ƙasa? Wanda ya san aikinsa ba ya fushi da tambaya.

Ga masu unguwa da shugabannin ƙungiyoyin mata da na manoma: ku sa wannan magana cikin taronku kafin sanyi ya kankama.

Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa, sa'an nan su tashi tare su duba makewayin juna. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ɗarin Damagaram wata biyu ne zuwa uku, sai ya wuce. Allah ya sa ya wuce ya bar mu cikakku, mu da iyalanmu.